Salansar Tsawa da Kunnenka na Hagu

Malikanchi,
ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Shu'aibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Rabi. Allah ya kiyaye ku a tafiyar da ke gabanku, ya sauke ku Hunkuyi lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne a wurinka. In na kira ka mu yi magana, ihu nake yi ban sani ba, har maƙwabta su ji abin da bai shafe su ba. In ka ba ni amsa kuma, bakinka kawai nake gani yana motsi. Ƙarshenta ka gyaɗa kai, ni ma in gyaɗa, mu tashi ba wanda ya faɗa wa wani komai. Takarda ba ta neman kunne, shi ya sa na ɗauko ta.

Maganar guda ce, salansar tarakta. Innarka ta fahimtar da ni cewa ranar Asabar za ka tafi da taraktar zuwa Hunkuyi, jigilar rake da hatsi, kuma can za ku zauna. Na ba ka ita da zuciya ɗaya, ban fasa ba. Amma ba na so ka tafi da ita da bututun nan da ke kanta. Tun damina nake lura da kai. In ana maka magana sai ka karkata kai ka miƙa kunnen dama. Wayarka ma ka daina ɗora ta a hagu. Ba ka san kana yi ba. Ni ma ban san ina yi ba lokacin da nawa ya fara.

Bari in faɗa maka yadda bututun ya zama haka, don kai a haka ka taso ka same shi, kana ganin haka Allah ya halicce shi.

Ka san na yi karatu. Ba alfahari nake ba, ƙarshen da na yi bai bar wurin alfahari ba. A kwalejin noma a Zariya an koya mana injin tarakta ciki da waje, har da darasi guda a kan ƙara da abin da take yi wa kunne. Na ci jarrabawar wannan darasi da kyau. Daga nan na yi aiki a sashen ba da hayar taraktoci, har sashen ya zama filin ciyawa, taraktoci a kan duwatsu, tayoyinsu kuwa sai ka je gidajen manya ka gan su. Da aka yi gwanjon abin da ya rage, ni na ɗauki wadda ba wanda ya kalla. Na zauna a kanta da hannuna har ta tashi. A lokacin salansarta lafiya lau take. Doguwa ce, a tsaye a gefen hagu na injin, bakinta ya wuce kan direba, da ɗan marfi a sama mai ɗagawa in hayaƙi ya turo shi, ya koma ya rufe in an kashe. In tana aiki kana iya hira da wanda ke tafiya a gefenta.

Wannan shirun shi ya hana ni samun aiki. Manomanmu da kunne suke auna tarakta, kamar yadda suke ƙwanƙwasa tukunya kafin su saya. Akwai wani daga Makarfi da ke zuwa kasuwar Ikara da wata tsohuwar tarakta mai fasasshiyar salansa, injinta ya gama lalacewa, amma in ya taka ta sai tantabaru su watse. Shi ake rububi, ni ina zaune a inuwa. Wata rana Alhaji Tanimu, babban mai rake na Gazara, ya tsaya a gabana ya ce in tayar da ita. Na tayar. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin, ya saurara.

Ya ce, "Malam Lawal, wannan ai mura take yi."

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Alhaji. Ƙarfin inji ba a ƙara yake ba."

"A littafi aka ce haka?"

"Haka abin yake."

"To, fadamata ba ta shiga makaranta ba. Wadda za ta ja garma a laka irin tawa, tun daga nan zan ji muryarta. Wannan ko kaza ba za ta ba ta hanya ba."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, ya wuce wurin ɗan Makarfi. Damina ta kusa raba tsakiya ban huɗa gonar kowa ba sai tamu, kai kana goye, gida ba hatsi. Sai na kora ta zuwa Makarfi wurin Bitrus mai walda, wanda ka sani, lokacin gashinsa bai yi fari ba.

Ya ce, "Injiniya, me ya sami amarya?"

Na ce, "Farke salansar za ka yi, ka ciro hanjin, ka mayar ka ɗinke."

Ya dube ni ya dubi salansar. Ya ce, "Lafiyayya ce fa."

"Na sani."

"To, ni wuta ce sana'ata. Ko kaciya ka ce in yi wa tarakta, yi zan yi. Amma in mutanen unguwarku suka zo neman wanda ya hana jariransu barci, ƙofarka zan nuna musu."

Ya yanka ta, ya zaro faifan ƙarfen nan masu huji-huji da ke shanye ƙara, ya jefar a bayan rumfarsa. Ina tsaye ina kallo, na san sunan kowannensu da aikinsa. Ba jahilci ya sa ni ba, Shu'aibu. Da jahilci ne da na sami abin da zan gaya wa kaina yanzu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar ta yi aiki. Ban kai gida ba yara suka sa mata suna Tsawa. Lokacin ba waya a hannun kowa, ƙarar ita ce tallata. In ina huɗa a wata gona, mutanen ƙauyen gaba sun ji, kafin in kai ƙarshen kunya sun tsaya a bakin gona suna jiran layi. Alhaji Tanimu da kansa ya aiko a kira ni, ya ce ashe murar ta warke. Injin nan dai shi ne, ko ƙarfin akuya bai ƙaru ba. Da wannan ƙara aka rufa gidan nan da kwano, da ita ka yi sakandare. Ba zan yi maka ƙarya in ce kuskuren bai ciyar da mu ba.

Nasihata a nan gajera ce. In mutane suka nemi ka lalata abu mai kyau don su yarda da kai, kafin ka amsa ka duba jikin wa zai biya. Su sun ji ƙarar daga nesa, sau ɗaya a shekara, suka koma gida da kunnuwansu. Ni nake zaune kusa da ita daga hantsi har la'asar sakaliya.

Kuskure na biyu ya fi na farko wauta. Hanyoyin gonakinmu ka san su, mangwaro ta ko'ina, rassa sun sauko. Doguwar salansar nan sai ta riƙa karo da reshe, ta lanƙwashe, wata rana ma ta tsage daga gindi. In na ce a sare reshe, mai mangwaro ya ce kakansa ya dasa. Ga rumfar da na yi mata a ƙofar gida ita ma gajera ce. Maimakon in ɗaga rumfa in riƙa kauce wa bishiya, sai na koma wurin Bitrus na ce ya rage tsawon bututun. Ya yanke shi daidai kafaɗata in ina zaune. Ɗan marfin sama ya tafi tare da guntun da aka yanke, muka koma kifa gwangwanin tumatir in hadari ya taso. Bayan haka, da rana ta ishe ni, na sa aka yi mini rufin kwano a kan kujera. Ka ga abin da na haɗa: bakin bututu a ƙarƙashin rufi, kusa da kunnena na hagu, kwano a sama yana mayar mini da ƙarar. Na shiga cikin ganga na zauna, na ce a buga.

Hayaƙin ma bai da hanyar fita sai ta fuskata. In na sauko da yamma kaina kamar an ɗaure shi da igiya, in tofa yawu baƙi. Sai in haɗiyi ƙwayar ciwon kai, in tauna goro, in ce gajiya ce. Sannan gyare ya fara kuka a kunnena. Da farko in na kwana sai ya yi shiru. Daga baya ya daina yin shiru. Har yanzu da nake rubutun nan yana yi, shi kaɗai ne abin da nake ji sosai a duniya.

Innarka ce ta fara ganewa. Ta shigo da tuwo wata rana ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam, tun ɗazu nake sallama."

Na ce, "Ba ki ɗaga murya ba."

Ta ce, "Muryar da aka kawo ni gidan nan da ita ce, ban sake wata ba."

Na yi mata faɗa ranar, na ce ta koyi magana ƙasa-ƙasa don raini. Shekaru na yi ina zargin mutane da ƙunƙuni. Liman ya tsufa ba ya fitar da harafi, rediyo ta lalace, yaran zamani ba sa buɗe baki. Kowa ya lalace ban da ni. Ita kuwa ta riƙa ɗiga mini man zaitun a kunne, ta nemo rubutu, ta nemo tofi, duk a banza, tunda da safe komawa nake cikin gangar.

Ga abin da ya kamata, ka riƙe shi ko da ka watsar da sauran. Bakin bututu ya wuce rufin direba, ba daidai da shi ba, ya wuce. A lanƙwasa bakin ya kalli gaba da waje, nesa da kai. A ɗaure shi da ƙarfen tallafi a jikin injin don kada girgiza ta tsaga gindinsa. A mayar masa da marfinsa, don gwangwani sai an tuna da shi, ranar da aka manta kuwa ruwan sama har cikin inji. In reshe ya tare hanya, ka tsaya, ka sauka, ka nemi wata hanyar. Audugar da na ga kana cusawa a kunne ba ta tare komai, ni ma na cusa. Kuma in ka ji kanka kana cewa matarka ba ta ɗaga murya, kada ka yi mata faɗa. Ka je asibiti.

Kuskure na uku shi ne wanda ka ji labarinsa a bakin mutane, ba ka taɓa jin sa daga bakina ba. Da na yarda kunnena na tafiya, sai ilimina ya motsa. Na zana a takarda yadda za a sauke bututun, a bi da shi ta ƙarƙashin cikin tarakta ya fita ta baya, yadda na gani a littattafanmu na kwaleji. A ƙasashen da aka buga littattafan haka ake yi wa taraktar da ke shiga ƙarƙashin itatuwa. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne tasu salansar da hanjinta, kuma hanjin nan ba ƙara kaɗai yake tarewa ba, har da tartsatsin wuta. Tawa fanko ce. Tsohon inji kuwa in ya ɗauki nauyi, garwashi yake tofarwa.

Lokacin saran rake ne, a gonar Alhaji Tanimu a Gazara. Ka san yadda gonar rake take in ana sara, busasshen ganye har gwiwa. Na shiga da tirela aka yi lodi, na taka ta don ta fita da nauyin. Wuta ta kama a bayana. Masu sara suka yi ta ihu, aka ce har da masu kiran sunana da na ubana. Ban ji ba. Na ci gaba da tafiya a hankali, ina jan wuta a bayana tsawon gonar kamar wanda aka ɗauka aikin. Sai da wani ya jefe ni da karan rake a gadon baya na waiwaya. Iska ta riga ta kai ta ɓangaren da ba a sara ba. Ba a yi asarar rai ba, alhamdu lillahi, amma mun tsaya muna kallon raken mutum na shekara guda yana ci, warin sukari ya cika ko'ina.

Alhaji ya iso a kan babur. Ya tsaya a gabana ya yi magana mai tsawo, bai ɗaga hannu ba, bai nuna ni da yatsa ba. Mutane suka sunkuyar da kai. Ni ina kallon gemunsa yana motsi. Ko yafe mini ya yi, ko Allah ya isa ya yi, ban sani ba, kunya kuma ta hana ni tambayar waɗanda suka ji. Bai kai ni ƙara ba, bai kuma sake kirana aiki ba. Ya rasu ban sani ba. Na bi gawarsa har maƙabarta ina tunanin abin nan.

Ƙasar rake za ka, Shu'aibu. Wani zai ba ka shawarar ka sauke bututun ƙasa don ka huta da ƙara, zai ce dabara ce ta zamani. Kada ka yarda. Ko da lafiyayyar salansa, bututu mai zafi ba ya kwana a cikin ganyen rake, kuma kunyoyin gonakinmu za su fizge shi kafin kaka ta wuce. In za ka tsaya lodi, ka sa a share ganye daga inda za ta tsaya. Ka riƙa waiwaye. Abin da ke littafi gaskiya ne a inda aka rubuta shi, sai ka duba ko gonar da kake ciki ta yi kama da wurin.

Bayan gobarar na mayar da bututun sama, gajere, fanko, yadda yake a da. Shi ne wanda ka gada. Na ce a raina abin da ya lalace ya riga ya lalace, me zan tsare? Ban tuna akwai wanda zai hau kujerar bayan na sauka ba. Da ka gama sakandare aiki bai samu ba, na miƙa maka makulli ina jin na yi maka gata.

Na je asibiti a Zariya daga baya, innarka ta matsa. Wani likita yaro, sa'anka, ya rufe ni a wani ɗaki ya sa mini abu a kunne, ya ce in ɗaga hannu in na ji sauti. Na zauna hannuna a cinya har ya buɗe ƙofa. Ya zana mini hoton cikin kunne a takarda, ya nuna wurin da ya mutu, ya rubuta cewa ba ya dawowa. Hoton nan na san shi. Shi na zana a jarrabawa aka ba ni maki.

Ina so ka san mene ne kurumta, don masu ji suna ɗauka shiru ne kawai, har wani ya ce ai hutu ne. A masallaci gwiwar na kusa da ni nake kallo in san an yi ruku'u. In na kuskure na tsaya a gefen sahu inda ba na ganin kowa, sai in ɗago in tarar jama'a na sujada ni ina tsaye. Da ni ne mai sauraron labarai a rediyo in fassara wa majalisa abin da duniya ke ciki, a ce a tambayi Malam Lawal. Yanzu in na zauna a majalisar, in na ga haƙora sai in yi dariya, ban san ko da ni ake ba. An daina kirana ɗaurin aure sai dai in cika sahu. An daina shawara da ni ko a kan gonata. Mutane ba mugunta suke yi ba, gajiya suke yi. Mutum zai maimaita maka magana, ya sake maimaitawa, sannan ya kaɗa hannu ya ce ba komai. Wannan kaɗa hannun na fi ganinsa fiye da komai, har a wurin innarka, har a wurinka. Karatun Alƙur'ani da nake yi da asuba, innarka ta ce muryata ta karkace, ba na sauke aya inda ya kamata. Na koma yi a zuci.

Rabi na da ciki, na gani, ba sai an faɗa mini ba. Allah ya sauke ta lafiya. Ni dai na san ba zan ji kukan abin da za ta haifa ba, na haƙura da wannan. Abin da ban haƙura da shi ba shi ne yaron ya fara magana, ya zo ya tsaya a hagunka yana cewa Baba, kai kana kallon wani wuri.

Makon jiya na gwada yi maka maganar nan a zaure. Ka saurara, ko ka yi kamar kana saurare, sannan ka rubuta a wayarka ka nuna mini: "Baba, don sunan Tsawa aka kira ni Hunkuyi. In ta yi shiru wa zai san ita ce?" Akwai gaskiya a maganarka. Zan iya ce maka yanzu kowa na da waya, ba sai an ji ka daga nesa ba, kuma jigila ba huɗa ba ce, mai kaya buhunsa yake so ya isa kasuwa. Amma na san mutanenmu. Jikokin masu dariyar nan ta kasuwar Ikara suna nan, kuma har yanzu tafin hannu suke ɗorawa a kan inji. Mai yiwuwa ka rasa aiki. Mai yiwuwa ɗan wani da ya farke tasa salansar ya kwashe masu kayan, kai kana zaune a inuwa da mace mai ciki a gidan haya. Na zauna a wannan inuwar, na san yadda take. Ba ni da wata dabara da zan ba ka a kan wannan. Ƙasar da ta bar taraktocinta suka ruɓe a kan duwatsu ba za ta zo ta duba kunnen direba ba. Abin da na sani kawai, yunwar shekarar nan ta wuce, har na manta ɗanɗanonta, abin da na saya da ita kuwa yana nan tare da ni.

Ban sa rai nasiha za ta yi aiki ba. Ni da malamai suka koya wa, na rubuta da hannuna aka ce na ci, ban ji ba, balle kai da tsohon kurma ke gaya wa. Don haka ban tsaya a nasiha ba. Yau da safe, da ka tafi Ikara, na ɗauki sufana na kwance bututun tare da uwarsa, ƙarfen zubin nan da ke manne a jikin inji inda hayaƙi ke taruwa. Dama a tsage take, da guntun kwano da waya muke rufa mata asiri, tana hura maka hayaƙi ta ƙafa. Na ɗora ta a kan dutse na sa mata guduma. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Bututun kuma na daddake shi har ya zama faifai. Innarka ta fito da gudu, ta ce duk unguwa an ji. Ni a hannuna kawai na ji.

Yanzu Tsawa ba ta zuwa ko'ina. In ka tayar da ita haka, wuta za ta riƙa fesowa a gefen inji kusa da bututun mai, ba mai hankalin da zai bar ka ka shiga gonarsa. Dole ka je Zariya wurin masu tsofaffin kayan tarakta ka nemo uwar da salansa cikakkiya. Ragon da nake kiwo na ce innarka ta ba ka, ka kai shi kasuwa. Ka sa sabon fakin, faifan nan mai hana hayaƙi yoyo, a mahaɗar, kada ka mayar da tsohon. Tafiyarku za ta ɗan ja baya, ka ba mai aikin haƙuri, ka ce tsohonka ne ya rikice. Zai yarda, kowa ya san haka.

In ka yi fushi, kana da hakki. Ka zo ka tsaya a gabana ka faɗi duk abin da ke ranka, ba zan hana ka ba.

Amma iyakar abin da guduma za ta iya ke nan. Daga Zariya wurin Bitrus za ka kai kayan ya haɗa maka, zai kuma tambaye ka yadda kake so, kamar yadda ya tambaye ni. Abin da aka ce masa shi yake yi. Ni ba na wurin. Salansa mai hanji da wadda aka farke aka ɗinke, in an shafa musu baƙin fenti, daga waje kamarsu ɗaya. Kana iya shigowa garin nan da ita tana tsaga sama, ka tsaya a ƙofar gida, ka nuna mini doguwar salansa ka ɗaga mini babban yatsa, in yi murmushi in sa maka albarka. Duk Malikanchi za su san gaskiya ban da ni. Ba zan tambayi innarka ba, ba zan kuma duba fuskar yara ba. Abin da ka nuna mini shi zan karɓa, albarkar kuma ba zan janye ta ba ko wanne ka zaɓa.

Allah ya tsare ka a hanya da gona, ya tsare ka daga wuta da ƙarfe da sharrin mai hassada. Allah ya ba ka abincinka ta hanyar da ba za ta ci jikinka ba. Allah ya raba Rabi da cikin nan lafiya, ya shirya abin da za ta haifa. Allah ya bar maka jinka da ganinka har ƙarshen kwanakinka, ya yafe mini rabon da na riga na ɗauke maka. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Lawal.